Wani lokacin mai ɗaki ma bai san inda yake yoyo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni dai kafinta ne, aikin rufi nake yi a nan Legas, a Agege nake zaune shekara ta haura talatin, tun ina yaron shago ina miƙa wa maigidana ƙusa har yanzu da nima nake da yara a ƙarƙashina. Ban saba rubuta wa jarida ba, kuma da yatsa ɗaya nake bugawa a waya, don haka in kun ga rubutun ya yi ta tafiya ba birki ayi haƙuri.

Abinda yasa na ɗauko waya shine ɗan guntun labarin nan da kuka saka kwanakin baya a shafin ƙasashen waje, cewa ruwan ƙanƙara ya lalata rufin gidaje a can Amurka da Kanada. An karanta shi a majalisarmu bayan la'asar, sai wani abokina mai sayar da albasa a Mile 12 yace ai dama gidan Turawa kwali ne, ko yaro ya jingina zai faɗi, wani kuma yace a'a ƙanƙara ce irin wadda take saukowa a Jos kamar ana jifa da tsakuwa ta huda kwano. Aka yi ta dariya. Ni kuma nayi shiru saboda su biyun duk basu canka ba, kuma ban ga laifinsu ba, laifin kalmar ne. Mu a Hausa komai ƙanƙara ne, ta firji ƙanƙara, ta Jos ƙanƙara, wadda ke sauka fara sol kamar auduga mun ce dusar ƙanƙara, to wannan da kuka bada labari ba ko ɗaya bace daga ciki, kuma da kun ƙara layi uku kun bayyana da mutanenmu sun ƙaru da wani abu, don abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Zan zo kan wannan.

Ita wannan ruwa ce, ruwan sama sak irin namu mai jiƙa riga. Abinda ke faruwa shine a can sama akwai iska mai ɗan ɗumi, sai dusar da ta taso daga gajimare ta narke a cikinta ta koma ruwa, amma a ƙasa dab da inda mutane suke iskar ta yi sanyi ƙasa da sifiri, kuma wannan sanyin bashi da kauri sosai da zai sa ɗigon ya daskare tun yana hanya, sai ya iso a ruwansa, yana taɓa abu kuwa, rufi ne ko reshe ko wayar lantarki ko gilashin mota, nan take ya daskare ya manne. Wani ya sauko a kai ya daskare. Haka haka har komai ya sa rigar gilashi. Ba ƙara, ba rugugi, ba abinda zai firgita ka, yayyafi ne kawai yana ta yi.

Yadda akayi na sani, ɗan ƙanwata yana zaune a gefen Montiriyal a jihar Kwibek ta Kanada, ni na riƙe shi a nan Agege har ya gama sakandare, to ya tara kuɗi shi da matarsa sun sayi wani tsohon gida ƙarami. Ranar 5 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, irin wannan ruwan ya sauka musu, gidaje fiye da miliyan 1 a jihar suka rasa wuta. Ya kira ni ta bidiyo yana cewa Kawu duba ka gani, Kawu duba, muryarsa na rawa, ni da farko ma nace kai wannan abu da kyau yake, don wallahi itatuwan sai walƙiya suke kamar an yi musu ado na biki, kowane ƙaramin reshe an naɗe shi da gilashi. Sai naji wani kas! kamar an harba bindiga, yace reshe ne ya karye a layin bayansu, tun jiya haka suke ji. Nasa gidan wani babban reshe ya faɗo a kan kusurwar rufin ya fasa, ya tsinke gotar ruwa ta gefen ta sauko tana reto. Sahur suka yi da fitilar waya da barguna uku uku, gidan ba abin ɗumama ɗaki tunda da lantarki yake aiki. Nace masa kaga ka gudu daga Nepa ta bi ka har can. Bai yi dariya ba.

Da na kwanta a daren sai kan kafinta ya fara lissafi. Ƙanƙara tana da nauyi kusan kamar ruwa, kaurin santimita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi ya kai kilo 9. To ɗauki rufin gida madaidaici mai mita 10 tsawo mita 10 faɗi, in ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 5 kana maganar kilo 4,500 da ɗoriya kenan, wato kamar ka sa lebura su hau da buhun siminti 90 su jera maka a kan rufi su tafi su barshi. Wane kafinta ne a Legas zai yarda a yi masa haka a kan aikinsa? Ni dai ko buhu goma ka ce za ka ɗora sai mun yi rigima. Kenan wanda yace gidajensu kwali ne ya sake tunani, katakon da ke ƙarƙashin wancan rufin an lissafa shi ne don ya ɗauki nauyin da namu bai taɓa mafarkinsa ba.

Kuma wannan ta 2023 ɗin ƙarama ce in aka gwada da ta watan Janairu 1998, wadda yace min duk tsohon da ka zauna da shi a can sai ya baka labarinta kamar yadda namu tsofaffin ke bada labarin yaƙin basasa. Kusan kwana biyar ruwan yana sauka yana daskarewa a gabashin Ontariyo da kudancin Kwibek har ya tsallaka arewacin jihar Niyok da Men a Amurka, a wasu wuraren kudu da Montiriyal kaurin ya kai wajen milimita 100, manyan turakun ƙarfe na lantarki irin waɗanda muke gani sun ratsa daji, kusan 1,000 suka lanƙwashe suka zube kamar karan dawa, mutane wajen miliyan 4 suka shiga duhu wasu har sati uku zuwa wata guda a tsakiyar hunturu, gwamnati ta fito da soja fiye da 15,000 don taimako. Rumfunan dabbobi da rufin gonaki sun rufta. Mutane da dama kuma ba ƙanƙarar ce ta ji musu ciwo kai tsaye ba, hawa rufi suka yi don su kankare ta santsi ya kwashe su. Wannan na gane shi sosai, rufi mai raɓa ma da safe ni bana barin yarana su hau sai rana ta ɗan daga, balle wanda aka shafe da gilashi.

Amma ba reshen da ya faɗo ne yasa nake wannan rubutu ba. Reshe ai reshe ne, a nan ma mangwaro da almon suna faɗo wa mutane a kan kwano duk shekara. Abinda ya tsaya min a rai wani abu ne da ya nuna min a wannan kiran, yace Kawu ga kuma wannan tabon a silin ɗin ɗakin yara, tun watan Fabrairu ya fito, ga fenti yana kumbura a jikin bango ta sama, na kira mai gyara ya hau ya duba yace rufin ba huda ko ɗaya. Nace ƙarya yake, ruwa baya shiga inda ba ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na dage. Shekara talatin ina wannan aiki wani zai ce min rufi na yoyo ba huda?

Ashe mutumin gaskiya ya faɗa, ni ne ban san nasu ba. Da yaron ya samo wani mai aikin ya yi masa bayani shi kuma ya mayar min, na kuma sa ya hau cikin silin da fitila ya nuna min ta waya, sai na gane. Rufinsu ba dogon kwano bane irin namu, falankin katako ake shimfiɗawa sannan a jera wasu ƙananan falle na kwalta mai yashi a kai, wani na hawa kan wani kamar ɓawon kifi. Irin wannan jeri yana tare ruwa ne matuƙar ruwan ƙasa yake gangarawa. To a hunturu dusa tana kwance a kan rufin, su kuma a ciki sun kunna abin ɗumama gida, zafin sai ya tashi ya ratsa silin ta ramukan fitila da ƙofar shiga silin da duk inda audugar gilashin da suke shimfiɗawa don tare zafi ta yi ƙaranci, ya je ya ɗumama rufin ta ƙasa. Dusar da ke kai sai ta fara narkewa daga ƙasa, ruwan ya gangaro a ƙarƙashinta, yana isowa bakin rufi, wato wannan ɓangaren da ya zarce bango ya fito waje, can babu zafin ɗaki a ƙarƙashi, sai ya sake daskarewa. Yau kaɗan gobe kaɗan har ya gina wata katanga ta ƙanƙara a bakin rufin, ita ce kake gani a hoto da wasu dogayen tsinkaye suna reto kamar rake, mu muna cewa kai da ban sha'awa, ashe alamar ciwo ce. Ruwan da ke biyowa baya ya zo ya tarar an yi masa madatsa, bashi da hanya, sai ya taru ya kwanta, ya koma baya, ya hau sama ta ƙarƙashin fallen nan inda ba a taɓa tsammanin ruwa zai bi ba, ya bi ramin ƙusa ya shiga katako, ya jiƙa audugar, ita kuma in ta jiƙe ta daina tare zafi sai abin ya ƙara muni, daga nan ya bi jikin rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, ya yi tafiyarsa ya je ya ɗiga a wani ɗaki can daban. Ƙari a kan haka ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, duk 'yar tsagar da ya shiga da rana da daddare zai buɗa ta, gobe ya ƙara shiga ciki.

Kaga kenan ciwon a bakin rufi yake, sanadin a cikin silin, tabon kuma a ɗakin yara. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni dai a sana'ata na daɗe da sanin cewa mai ɗaki inda yake ɗiga kawai ya sani, inda yake shiga kuwa sai an hau.

Maganin da suke yi ma ba a kan rufin yake ba yawanci. Toshe duk inda zafi ke tserewa daga ɗaki ake yi, a ƙara audugar, a buɗe ƙananan ramukan shan iska a ƙarƙashin bakin rufi da can ƙololuwa don cikin silin ya zauna da sanyi daidai da waje, dusar ta zauna abinta ba ta narke ba. Sannan in za a sake rufi akwai wata shimfiɗa mai danƙo da ake mannawa a kan katakon tun daga baki zuwa sama kamar mita guda, ko ruwa ya koma baya ba zai samu katako ba. Na wucin gadi kuma akwai wata manjagara mai dogon hannu da mutum ke tsayawa a ƙasa ya jawo dusar da ita, ko a kira masu narkar da ita da tururi. Yaron nan da farko cewa yayi zai hau da gatari ya sassare ta, nace kul, in baka fasa rufin ba ka fasa ƙugunka, uwarka kuma ni za ta tuhuma.

To Malam Edita ga inda nake son zuwa. Ina kallon wannan abu a waya sai naji kamar an mare ni, don wallahi wannan ciwon muna da shi a Legas, sak, sai dai namu ba ƙanƙara ke gina madatsar ba, leda ce. Kowa yanzu yayin ɓoyayyen rufi yake so, a ɗaga bango ya zagaye kwanon a ɓoye shi gida ya fito kamar akwati irin na Lekki, ko a Agege da Iyana Ipaja da Ikorodu mai ɗaki huɗu ma shi yake so. Ba laifi, yana da kyau a ido, kuma yana rage kuɗin kwano. Amma ruwan duk da ya sauka a wannan rufin ba ya zuba waje kai tsaye, cikin wata gota yake taruwa a bayan bangon, ya bi ta bututu biyu ko uku ya sauka. Rani ya yi, iska ta kwaso ledar fiya wata da ganyen mangwaro da ƙurar hunturu da gashin tsuntsu, wani lokacin har ƙwallon yara da mataccen ɓera, duk su taru a bakin bututun, ba mai gani tunda an ɓoye, ba mai hawa tunda ba tsani. Ruwan farko ya sauko, irin ruwan Legas da ba ya sallama, cikin minti goma gotar ta cika, ruwa ya rasa hanya, ya koma baya ya hau ta ƙarƙashin kwano ya zuba cikin silin. In silin ɗin na fi-o-fi ne ya sha ya sha ya yi nauyi, wata rana cikin dare ya rufto a kan gado. Sai a kira ni ace kwano ya huje. In hau in duba kwano lafiyarsa lau, in sa hannu a bututu in zaro leda cike da bokiti. Ni da na ƙaryata Bature mai gyara ashe maganar da nake faɗa wa masu gida duk damina ita ya faɗa.

Su nauyi ke danne nasu ƙasa, mu kuma iska ke ɗaga namu sama, wannan ne kawai babban bambancin. Guguwar farkon damina ta Maris da Afrilu in ta taso ba tura kwano take ba kamar yadda mutane ke zato, tsotsarsa take ta sama, musamman a baki da kusurwa, in kuma ta samu ƙofa ko taga ta shiga ɗaki sai ta haɗu da ta ciki suna turawa, rufi ya tashi ɗungurungum da raftocinsa kamar an cire hula. Duk rufin da na taɓa gani ya tashi haka, in ka duba za ka tarar katakon da ke kwance a kan bango ba a ɗaure shi da ginin ba, an dai ɗora an buga ƙusa a bulo, alhali kamata yayi tun ana zuba kankaren sama a bar rodi ko ƙarfen ɗauri a lanƙwaso shi a kan katakon. Aikin da bai fi na rabin yini ba. Shi yasa kake ganin tayoyi da duwatsu da bulo a kan kwanon mutane in ka hau gadar sama ka leƙa unguwanni, kowa ya san rufinsa ba a ɗaure yake ba, dutsen kuma shi ne zai fara faɗo wa wani a ka.

Bari in faɗi wanda ya taɓa ni. Akwai wani mai gidan haya, ba zan faɗi ko unguwar ba, ya bani rufin gida mai ɗaki takwas irin na fuskanci-juna. Na rubuta masa kaya, alminiyom mai kaurin milimita 0.55, katako mai tauri busasshe a shafe shi da maganin gara, sukurori masu roba a wuya. Ya karɓi takarda yace shi zai sayo da kansa, wai kafintoci muna cin kai. Ba komai. Kaya suka zo, na taɓa kwanon da yatsa biyu naji kamar gwangwanin madara, an rubuta masa 0.45 a rasit amma na sa ma'aunina bai kai ba, katakon kuwa ɗanye ne har yana hawaye, maimakon sukurori ya sayo ƙusar ƙarfe, ita kuma ƙusar ƙarfe a jikin alminiyom ga iskar gishirin teku ta Legas, cin juna suke, ramin ya yi ta faɗi har kan ƙusar ya zame. Na faɗa masa, yace Malam kai dai buga, Allah ne ke tsarewa. Nan ne nayi kuskuren da har yau yake damuna, da na tattara kayana na tafi, amma lokacin kuɗin makarantar yara ya taso, na buga. Damina ta uku iska ta naɗe rabin rufin ta jefa a gidan maƙwabta, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba amma wata baiwar Allah mai ɗinki kekenta da kayan mutane na sallah duk suka jiƙe, katifu, takardun makarantar yara, komai. Mai gidan ya zo yana salati yana cewa ƙaddara ce, da ya juya kuma ya ce wa 'yan haya kafinta ne bai iya aiki ba, ƙarshenta su aka sa suka yi karo-karo aka gyara. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma iskar nan ta bi ta kan gidaje ashirin a layin, me yasa namu ta zaɓa? Araha dai bata ado.

Ɗan ƙanwata shi inshora ta biya masa gyaran inda reshe ya fasa, bayan an zo an duba an cike takardu. A nan ɗan haya a Agege ko Idi-Araba ko Ijora wa zai biya shi? Hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, LASEMA, tana zuwa in abu ya yi muni, a ɗauke wanda ya ji rauni a sare itacen da ya tare hanya, mun gode musu, amma katifarka da ta jiƙe taka ce. Kuma mu Hausawan Legas yawancinmu 'yan haya ne, mu ne ke kwana a ƙarƙashin kwanon da bamu muka zaɓa ba, mu ne masu shaguna da rumfuna a kasuwanni cike da buhunan wake da albasa da shinkafa waɗanda ruwan dare ɗaya zai iya mayar da mutum baya shekara biyar. Amma in mutum zai kama ɗaki sai ya duba fenti, ya duba tayil, ya tambayi ruwa da wuta, ba zai ɗaga kai ya kalli silin ba. In kaga silin an yi masa sabon fenti a kusurwa ɗaya kawai, tambayi dalili.

Wani abu kuma da ya haɗa mu da su, kar in manta. Duk sanda irin wannan ya faru a can aka ɗauke wuta, sai kaji hayaƙin janareto ko na gawayi ya kashe mutane a cikin gida saboda sun shigo da shi ciki don gudun sanyi. A Tekzas ta Amurka a Fabrairun 2021 da sanyi ya kayar musu da lantarki gidaje fiye da miliyan 4 suka shiga duhu, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, akwai waɗanda wannan hayaƙin ne ajalinsu. Mu ma nan ana ruwa sai a jawo janareto cikin baranda ko lungun ɗaki don kar ya jiƙe ko kar a sace, a rufe ƙofa a kwanta. Hayaƙin da ke kisan bashi da wari bashi da launi, bacci kawai zaka ji. Mun sha jin gida guda an wayi gari ba wanda ya tashi.

Roƙona gare ku shine, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara kuna kuma bugawa, muna gani, to don Allah a gefensa ku riƙa ware ko rabin shafi ne da Hausa ku ce wa jama'a lokacin hawa rufi ya yi, tun a Fabrairu kafin hadarin farko. Ba wani abu mai tsada bane. A samu mai aikin ya hau da rana ba da safe da raɓa ba, ya kwashe shara daga gota, ya zuba bokitin ruwa ya ga ko bututu na janyewa, ya bi layin ƙusa ya ga waɗanda suka ɗago ko robarsu ta ƙone da rana, ya duba hular ƙololuwa da kwarin da rufi biyu suka haɗu, ya shiga cikin silin da fitila ya soki katako da sukundireba, in ya nutse gara ta gama da shi ko da daga waje yana nan kamar lafiya, a sare reshen da ya leƙo kan gida. Wanda rufinsa tsohon asbesto ne kuma kar ya bari yaro ya taka, yana ɓarkewa ba gargaɗi, kuma kar a yanka shi da inji ana shaƙar ƙurar don tana lalata huhu. Sannan ku tura wakilinku kasuwar kayan gini da ma'aunin kauri a aljihu, ya sayi falle a shago biyar ya auna ya buga abinda ya gani, ya kuma je ya tambayi hukumar SON mai kula da ingancin kaya me take yi a kai. Ni zan ara masa nawa ma'aunin in bashi da shi.

Limamanmu da sarakunan Hausawa na unguwanni suma suna da bakin magana a nan, don masallatanmu da islamiyyu da yawa rufin taimako ne, wannan ya kawo bandir ɗaya wancan ya kawo katako biyar, aka haɗa aka buga da sauri kafin azumi, kuma yara ɗari ne ke zama a ƙarƙashi. Namu na layinmu na hau satin da ya wuce ba wanda ya aike ni, na sauko da leda rabin buhu da takalmin yaro ƙafa ɗaya, na kuma tarar rafta biyu ta gabas gara ta cinye, na faɗa wa kwamiti sunce sai bayan an gama biyan kuɗin rijiyar burtsatse. Na dai ce musu kar su bari liman ya tsaya a wannan kusurwar in hadari ya haɗo.

Shi kuwa yaron can ya ƙara audugar ya toshe ramukan, ya ce min hunturun da ya biyo baya tsinkayen basu fito a bakin rufinsa ba sai a na maƙwabcinsa, ya turo min hoton gidajen biyu gefe da gefe yana cewa Kawu kaga aikinka. Nace ba aikina bane, ni ƙaryata mutumin ma nayi.

Wassalam, na gode da haƙurin karantawa.

Naku,
Kafinta mai aikin rufi,
Agege, Legas.